Mai Shari'a Mamman Nasir da Hanyar Ɗaukaka Ƙara

A zamanin mulkin En'e, manomin Sandamu da aka yi wa hukunci a kan gadon gona yana iya kai kuka daga gaban alƙali zuwa majalisar Sarkin Daura, amma da wuya ya san wata ƙofa bayan wannan. Tarihin yadda hanyar nan ta miƙe har ta kai kotunan tarayya ba ya cika sai da sunan Mai Shari'a Mamman Nasir.

An haife shi a Katsina a 1929. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna da Ibadan, sa'an nan ya tafi Ingila, inda ya zama lauya a Lincoln's Inn a 1955. A wancan lokaci 'yan Arewa masu wannan ilmi ba su taka kara sun karya ba. Bayan ya yi aikin lauyan Gwamnati, ya zama Ministan Shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna, har zuwa juyin mulkin Janairun 1966.

Aikin da ya tarar ba ƙarami ba ne. A 1960 ne aka fara aiki da sabuwar dokar laifuffuka, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Dole alƙalan da suka tashi da Risala da Mukhtasar su koyi hukunci da sashe da lamba, talakawa kuma su yarda ba a raba su da addininsu ba.

A 1975 aka naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli. Amma daga baya sai ya bar ta, a 1978 kuma ya gaji Mai Shari'a Dan Ibekwe a shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976. Ga ido, wannan saukowa ce. Sai dai a shekarar ce gardamar Shari'a ta raba kan majalisar tsara mulki, har wakilai Musulmi da dama suka fice. Sulhun da aka yi shi ne, a bar maganar kotun Shari'a ta tarayya, amma kotun da ya karɓa ta ƙunshi aƙalla alƙalai 3 masanan Shari'ar Musulunci, su riƙa sauraron ƙararrakin aure da gado. Sulhu a takarda abu ne mai sauƙi; shi ya ɗauki nauyin aiwatar da shi shekara 14, har ya yi ritaya a 1992.

A shekarar nan aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Ya rasu a Afrilun 2019. Tsarin mulkin 1999 ya riƙe wancan sulhu, don haka magajin da aka danne wa rabonsa a Sandamu yana da ikon bin haƙƙinsa daga kotun alƙali zuwa Katsina, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a kuma auna ƙararsa da fiƙihun da aka fara yi masa hukunci da shi.