Le Cid a tsofaffin bugun ƴan makaranta

Le Cid wasan kwaikwayo ne da Pierre Corneille ya rubuta da Faransanci, aka fara nuna shi a birnin Paris a farkon 1637. A Nijar, akasarin waɗanda suka san shi ba a dandali suka gan shi ba. A ɗan littafin da ke shiga aljihu suka karanta shi, a kolej ko lise. Har yau akan ci karo da irin waɗannan littattafai a akwatin tsohon malamin lakwal a Gangara ko Gazawa, ko a shimfiɗar masu saida tsofaffin littattafai a Maradi.

A labarin, Don Gomès, uban Chimène, ya mari dattijo Don Diègue. Ɗan dattijon, Rodrigue, wanda ke neman auren Chimène, ya wanke wa ubansa wannan wulakanci da takobi, ya kashe wanda zai zame masa suruki. Chimène ta kai ƙara gaban sarki tana neman ran saurayin da har lokacin take so. Bahaushe dai ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da marin dattijo ke jawowa ba.

Bugun da ya fi shahara shi ne na Classiques Larousse, jerin da Félix Guirand ya kafa a 1933, Léon Lejealle ya ja ragamarsa daga 1949 zuwa 1968. Bordas, Hatier da Hachette ma suna da nasu. Tsarinsu kusan ɗaya ne: tarihin marubuci a gaba, lamba a gefen baitoci, ma'anar tsofaffin kalmomi da tambayoyi a ƙasan shafi, sannan batutuwan insha'i a ƙarshe. A garin da ba ɗakin karatu, wannan ƙananan rubutun na ƙasan shafi shi ne ƙamus, shi ne malamin dare.

Sai dai Le Cid ba nassi ɗaya ba ne. Da farko Corneille ya kira shi tragi-comédie, domin masoyan ba su mutu ba. A 1648 ya mayar da sunan tragédie, a 1660 kuma ya sake rubuta mabuɗin wasan, ya taɓa ƙarshensa. Tsofaffin bugun makaranta galibi nassin baya suka bi, mai baiti 1840, alhali wasu sababbin bugu sun koma na 1637. Shi ya sa ɗalibin da ya gaji littafin wansa zai iya jin malam ya faɗi lambar baiti, ya duba ya tarar da wata magana dabam.

Shekarar nassin tana rubuce a gabatarwa. Mai saye ya duba ta kafin ciniki, ya kuma leƙa shafukan ƙarshe, don su ne suke fara ɓallewa, su ne kuma gara ke fara ci.