Inabi a Gefen Kogin Haɗeja: Abin da Gaya da Ajingi Za Su Duba Kafin Kafa Rumfa

Tsakure: Maƙalar ta nazarci yiwuwar noman inabi a gabashin Kano, da abin da hakan zai janyo wa dausayin Baturiya da ke ƙasan kogi.

Inabin da ake nomawa a Arewa ya yi suna ne a Hunƙuyi, ƙaramar hukumar Kudan kusa da Zariya, inda manoma suka ɗora kurangar a kan rumfunan waya suna sayar da 'ya'yan da daraja. Ba mamaki in manomin Ajingi, wanda ya saba da tumatir da albasa a fadama, ya fara lissafin hakan. Yanayin ma bai hana ba: inabi na son rana da busasshiyar iska, kuma a ƙasashe masu zafi datse rassa ke sa shi fitar da fure.

Matsalar tana wajen ruwa. Kogin da ya ratsa Wudil ya bi ta gefen Ajingi shi ne ke malala har Haɗeja, ya shayar da dajin Baturiya, wanda aka sanya cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya a 2008 da faɗin kadada sama da 100,000. Nan tsuntsayen Turai ke sauka lokacin hunturu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya dausayin ta ja baya, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masu bincike Barbier da Thompson sun nuna a 1998 cewa amfanin da masunta, makiyaya da manoman ƙasan kogi ke rasawa ya fi ribar manyan ayyukan ban ruwa na sama. Inabi zai ƙara jan wannan ruwa: tumatir wata huɗu yake yi ya tashi. Kurangar inabi kuwa shekaru take zaune, kowane rani sai ta sha.

Sai feshi. Da damina fumfuna kan kama ganye, manomi ya yi ta zuba magani, ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi, inda kifi yake.

Saboda haka maƙalar ta fi karkata ga tudun Gaya, wajen Kademi da Gamarya, maimakon bakin fadamar Ajingi. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, abin da saiwar inabi ke so ke nan, kuma tazararta da kogi na rage gubar da za ta kai gare shi. Sharaɗin shi ne ban ruwa na ɗigo maimakon kwararo, da tsara datsa yadda 'ya'ya za su nuna da rani, lokacin da cuta ke da sauƙi. Turakun rumfa su zama na ƙarfe ko siminti, a bar gawo da ɗorawa a tsaye cikin gona. Gwajin iri kuwa ya dace a fara shi a tashar cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda kafin manomi ya zuba jarinsa.