Lasifikar ɗorawa

lasifikar ɗorawa (sn., mc., jam. lasifikokin ɗorawa). Ƙaramar lasifika mai batir wadda ke da gurbi a samanta, inda ake dasa na'urar sauraren waƙa ko waya, ta fitar da sauti tana kuma yi mata caji. Asalin kalmar "lasifika" Ingilishi ne.

Ta yi tashe ne bayan kamfanin Apple ya fito da iPod a 2001, ya kuma sa masa baki mai fil 30 a 2003. SoundDock na kamfanin Bose ya biyo baya a 2004. Da Apple ya sauya bakin a 2012, tsofaffin gurabe suka daina karɓar sababbin wayoyi sai da mahaɗi, aka koma Bluetooth da katin memori.

Kafin a fara amfani da ita, a cika batir, a rage murya, sannan a dasa na'urar a miƙe, a hankali, don fil ɗin ba ya son ƙarfi. Idan bakin bai dace ba, a haɗa da siririyar wayar iyafis. A Zangon Lome, ƙurar hunturu da laimar teku ne ke kashe gurbin, shi ya sa mai shayi kan rufe tasa da ƙyalle.

*Misali:* "Ɗan'uwa, ara mini lasifikarka, za mu saurari tafsiri bayan isha'i."

Mai sayen ta hannu ya gwada ta da wayarsa kafin ya biya.