Yadda Ɗaure Jirage Ke Lalata Gaɓar Magudanan Ruwa a Birtaniya

Magudanan ruwa na Birtaniya hanyoyi ne da aka haƙa domin jigilar kaya. Daga cikin na farko akwai magudanar Bridgewater, wadda aka buɗe a shekarar 1761 don kai kwal birnin Manchester. A yau hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales. Yawancin jiragen da ke bin su na shaƙatawa ne, wasu kuma gidajen zama.

Gaɓa ce ke riƙe da ruwan magudana. An daɓe ƙasanta da gefunanta da kwaɓaɓɓen yumɓu don hana yoyo, kuma a wurare da dama an kafa fallayen ƙarfe a jere domin tare zaizaya.

Inda babu zoben ɗauri, masu jirage kan kafa turken ƙarfe a ƙasa. Duk jirgin da ya wuce da sauri yana janye ruwa daga ƙarƙashin wanda ke ɗaure, sai igiya ta fizgi turken, ramin ya faɗaɗa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Idan turken ya yi kusa da baki, ƙasar kan tsage ta rufta. Haka kuma, barin farfela tana juyawa alhali jirgi na ɗaure yana kwashe ƙasar da ke gindin fallayen ƙarfen har su karkace.

Saboda haka ake son a yi ɗauri da zobe inda yake, ko a zura sarƙa ko ƙugiya a sandar da ta haɗa fallayen. An ƙayyade gudu a mil 4 cikin sa'a a yawancin magudanan, tare da rage shi yayin wuce jiragen da ke tsaye. Jirgin da ba shi da matsaya ta dindindin kuwa ba ya wuce kwana 14 a wuri guda.

Haɗarin ya fi girma inda magudana ta bi saman tudun da aka cike, ruwan yana bisa gonaki da gidaje. A watan Janairun 2025, bayan mamakon ruwan sama, gaɓar Bridgewater ta ɓalle kusa da Dunham Massey, ruwan ya malale gonaki, aka rufe wannan sashe na hanyar.