Ƙararrawar Tagar Umarni: Daga Ina Take, a Ina Za a Kashe Ta?

Matashin Dawakin Tofa da ya fara koyon Linux, ko a tsohuwar kwamfutar da ya sayo a Kano ko a wayarsa ta manhajar Termux, yakan ci karo da wata ƙara tun ranar farko. Ya danna Tab don a ƙarasa masa sunan fayil, ta yi ƙara. Ya danna maɓallin gogewa a layin da babu komai, ta sake. Da rana abin ba ya damun kowa, amma da dare, sa'ad da aka kawo wuta 'yan ɗaki kuma suna barci, sai ya zama fitina.

Ƙarar nan harafi ce kamar sauran haruffa, sai dai ba a ganin ta. Ita ce lamba ta 7 a tsarin ASCII na 1963, sunanta BEL. Na'urar aika saƙo ta Teletype Model 33, wadda ta fito a shekarar, ƙararrawa gare ta ta ƙarfe, da ita mai aika saƙo yake jawo hankalin na ɗaya ɓangaren. Na'urar ta shuɗe, harafin ya zauna. Har yau Ctrl da G ne ke fitar da shi.

Abin da ke rikita mai koyo shi ne ƙarar hannu uku take bi. Bash, manhajar karɓar umarni da Brian Fox ya fitar a 1989, da readline yake karanta abin da aka buga, kuma readline ne ke yanke shawarar aika BEL. Tagar umarni ta karɓa. Sannan na'ura ta mayar da shi ƙara, a tsofaffin kwamfutocin tebur ta wata 'yar lasifika da ke ciki, shi ya sa rage murya ba ya hana ta.

Maganin Bash layi ɗaya ne a fayil ɗin ~/.inputrc: set bell-style none. Wanda ya sa visible maimakon none, allo ne zai yi masa walƙiya. Sai dai a kula: da zarar an ƙirƙiri wannan fayil, readline ya daina duba /etc/inputrc, don haka a fara da $include /etc/inputrc, kada wasu maɓallan su daina aiki. Zsh, takwaran Bash, ba ruwansa da readline, unsetopt beep yake ji. Termux kuwa, maimakon ƙara, girgiza waya yake yi, sai an rubuta bell-character=ignore a termux.properties.

Da yawa kan ba da shawarar a cire pcspkr, direban 'yar lasifikar nan, ko a buga xset b off, a huta gaba ɗaya. Ban goyi bayan haka ba. A ƙauyukan da ke kewaye da Dawanau, a yankin Dawakin Tofa, intanet ba kullum take sauri ba, sauke babbar manhaja kan ɗauki lokaci. Mai koyo zai iya ƙara ; printf '\a' a ƙarshen umarninsa, ya juya kan karatunsa, ƙararrawa ta kira shi idan an gama. Wanda ya toshe ta daga tushe ya rasa wannan, haka ma mai raunin gani da ke dogaro da kunne.

Yawancin ƙarar Tab ma dalili gare ta: sunaye fiye da ɗaya ne suka dace da abin da aka fara bugawa. Idan aka ƙara set show-all-if-ambiguous on a fayil ɗin ~/.inputrc, sai readline ya jero sunayen nan take maimakon ya yi ƙara ya jira dannawa ta biyu.