Hasumiyoyin Ƙofar Gandun Ballysaggartmore a Ƙasar Ayalan

Gabatarwa

A ƙarni na 18 da na 19, manyan masu ƙasa a Ingila da Ayalan sukan gina ɗan ƙaramin gida a bakin ƙofar gandunsu. A nan mai gadi yake zama da iyalinsa, yana buɗe wa kekunan doki ƙofa, yana kuma lura da masu shige da fice. Bayan tsaro, ginin yakan nuna wa baƙo arzikin maigidan tun daga bakin hanya. Ɗaya daga cikin sanannun irin waɗannan gine-gine yana Ballysaggartmore, kusa da garin Lismore a gundumar Waterford.

Tarihi

Arthur Kiely-Ussher ne ya sa aka yi ginin wajen shekarar 1834. Gandunsa ya kai kimanin eka 8,000, kuma mafi yawansa yana hannun manoma 'yan haya. An ce nufinsa shi ne ya gina katafariyar fada, amma ya fara da ƙofa. An kuma ce ana kammala ta kuɗi suka ƙare, saboda haka ba a gina fadar ba. Iyalin suka ci gaba da zama a tsohon gidansu, wanda aka ƙone a 1922 lokacin yaƙin basasar ƙasar.

Fasalin Gini

Ginin kashi biyu ne, duka na dutse, bisa salon Gotik, wato kwaikwayon fadoji da majami'un Turai na zamanin da. Kashi ɗaya ƙofa ce mai ɗakunan masu gadi. Ɗayan kuma gada ce a kan wani rafi, da hasumiyoyi a kowane ƙarshenta. Bakan mashigin da na tagogi masu tsini ne daga sama. An yi wa saman katangun haƙora irin na ganuwar yaƙi, ko da yake don ado ne kawai.

Matsayinsa a Yau

A lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, bayan cuta ta lalata dankalin Turawa, Kiely-Ussher ya kori manoman da suka kasa biyan haya, ya rushe gidajensu. Daga baya bashi ya sa aka sayar da gandun. A yau ɗakunan ba su da rufi, kuma jama'a na zuwa yawon buɗe ido a wurin. Mutanen yankin suna tunawa da ƙawar ginin tare da wahalar manoman da aka yi shi da kuɗin hayarsu.