Max Perutz da Sirrin Jini: Daga Ɗakin Gwaji na Kambirij zuwa Salaga da Yendi da Bawku

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan likitancin zamani Hausawa suka san ciwon da ake kira amosanin jini, wanda yanzu aka fi sani da sikila. Sun san yana tasowa da sanyi, yana cin gaɓoɓi, yana kuma bin dangi. Asalinsa kuwa bai bayyana ba sai da masana fizis suka sa hannu cikin binciken likitanci. Wannan takarda za ta bi tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Max Perutz, sannan ta nuna yadda aikinsa ya shafi arewacin Gana, inda wani nau'in jini da ake kira C ya yi yawa ƙwarai.

2.0 Rayuwarsa

An haifi Perutz a Biyana ta ƙasar Ostiriya a shekarar 1914. Kimiyyar sinadarai ya karanta a jami'ar garinsu. A 1936 ya tafi Kambirij ta Ingila, ya shiga ɗakin gwajin fizis na Cavendish a ƙarƙashin J. D. Bernal. A 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya, kuma da yake danginsa asalinsu Yahudawa ne, sai iyayensa suka yi gudun hijira, kuɗin karatunsa ya yanke. Shugaban ɗakin gwajin, Lawrence Bragg, shi ya nemo masa tallafi. A 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar Ingila ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, aka kai shi Kanada. Sai a 1941 ya dawo bakin aikinsa.

3.0 Bincikensa

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani furotin mai suna himoglobin. Shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya rarraba ta ga sassan jiki, shi ne kuma ya ba jini launin ja. A 1937 Perutz ya ƙudiri aniyar gano siffarsa. Matsalar ita ce ƙanƙantarsa ta wuce abin da madubin likita zai iya nunawa, alhali kuwa kowane guda ya ƙunshi ƙwayoyin zarra kusan 10,000.

Dabarar da ya bi ta masana fizis ce. Ana daskarar da himoglobin har ya zama ƙwaya mai tsari irin ta gishiri, sai a haska shi da hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken yakan watsu ya bar ɗige-ɗige a kan fim, daga nan sai a yi lissafin inda kowace zarra take. Da jinin doki ya yi yawancin aikin. Shekara da shekaru lissafin ya ƙi fita, domin ɗige-ɗigen ba su ba da cikakken bayani ba. A 1953 ya gano mafita: ya liƙa wa himoglobin zarrar zaiba, wadda take da nauyi, ya kwatanta hoton mai zaiba da marar zaiba, bambancin ya cike giɓin lissafin. A 1959, bayan shekara 22, siffar ta bayyana: sarƙoƙi huɗu ne a naɗe, kowace tana riƙe da zarrar ƙarfe guda inda oksijin ke kamawa. Haƙiƙa mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1962 aka ba shi kyautar Nobel tare da abokin aikinsa John Kendrew.

4.0 Daga Fizis zuwa Likitanci

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa himoglobin na mai sikila, wanda ake kira S, yana tafiya daban da na mai lafiya, wato A, idan aka saka su a ruwan da lantarki ke bi. A 1950 Harvey Itano da James Neel suka gano nau'i na uku a jinin baƙaƙen fatar Amurka, aka kira shi C. A wannan shekara Perutz da Murdoch Mitchison suka nuna cewa S yakan daskare idan ya saki oksijin, abin da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta zama kamar lauje har ta toshe ƙananan jijiyoyi.

A sashen da Perutz ke shugabanta ne aka gano ainihin bambancin. Himoglobin ya ƙunshi tubala 574 da ake kira amino asid. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya nuna cewa tubali ɗaya tak ya sauya a S, na shida a sarƙar da ake kira beta. A 1958 shi da John Hunt suka gano cewa a C ma wannan gurbi na shida ne ya sauya, amma da wani tubali daban. Tubalin A yana da caji iri ɗaya, na S ba shi da caji, na C kuwa cajinsa kishiyar na A ne. Dalili ke nan a gwajin lantarki A ke yin gaba, S ya biyo, C ya tsaya a baya. A 1968 Perutz da Hermann Lehmann suka ɗora nau'o'in himoglobin masu tangarɗa a kan siffar da aka gano, suka bayyana yadda wurin da sauyi ya faɗa ke haifar da alamun ciwo.

5.0 Arewacin Gana

Lehmann shi ne mahaɗin wannan tarihi da Afirka ta Yamma. Tsakanin 1954 da 1956 shi da G. M. Edington sun auna jinin mutane a ƙasar Gana, tun kafin ta sami 'yancin kai a 1957, suka ga C ya fi yawa a arewa. Likitan nan ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya nuna cewa a arewa kusan mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da C, 1 cikin 10 kuma da S, a kudu kuwa akasin haka ne. Yankin da C ya fi yawa ya haɗa ƙasar Dagwamba, mai hedikwata a Yendi, da Bawku da ke kusa da iyaka, har zuwa ƙasar Mosi a Burkina Faso. Wani bincike da David Modiano ya jagoranta a tsakanin Mosi, wanda aka buga a 2001, ya nuna cewa C yana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda aka riga aka sani game da mai ɗauke da S guda.

A nan ne tarihin Hausawa ya shigo. Fataken goro daga Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, suna yada zango a Yendi kafin su isa Salaga, babbar kasuwar goro da bayi a ƙarni na 19. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka watsu zuwa wasu zanguna. Sun zauna, sun yi auratayya da 'yan ƙasa. A ƙasar Hausa kuwa S ne ya fi yawa, C kaɗan ne. Idan mai AS ya auri mai AC, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da ɗa mai SC. Wannan ma sikila ce. Sau da yawa ba ta kai SS tsanani ba, har wani ya girma bai san yana da ita ba, amma tana iya lalata ido da ƙashin ƙugu, tana kuma da haɗari ga mai juna biyu.

Abin lura shi ne, gwajin sauƙi da ke duba lanƙwasar ƙwayar jini S kaɗai yake kamawa, ba ya ganin C. Mai AC zai iya jin an ce ba shi da sikila, ya yi aure da kwanciyar hankali. Gwajin lantarki ne ke rarrabe A da S da C. A 1995 Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi, aka ga kusan 2 cikin 100 ana haifarsu da wani nau'i na ciwon.

6.0 Kammalawa

Perutz ya shugabanci ɗakin binciken ƙwayoyin halitta na Kambirij daga 1962 zuwa 1979, ya kuma ci gaba da bincike har rasuwarsa a 2002. An ga yadda aikin da ya faro da jinin doki da hasken eksire ya kai ga bayyana ciwon da kakanni suka sani da amosani. Ga mazauna zangunan Salaga da Yendi da Bawku, amfanin wannan tarihi shi ne masu niyyar aure su nemi gwajin da zai faɗa musu nau'in jininsu da sunansa, AA ne ko AS ko AC, domin rigakafi ya fi magani.